Yaya ake auna nauyin furotin da hasken eksire, kuma me ya sa lambar ba ta cika faɗuwa daidai ba?

Tun lokacin da aka raba kyautar Nobel ta ilimin sinadarai ta 2024 tsakanin David Baker da Demis Hassabis da John Jumper, wata magana ta kama bakin mutane: wai kwamfuta ta gama da matsalar furotin. Manhajar AlphaFold ta yi hasashen siffar furotin sama da miliyan 200, saboda haka, a ganin masu wannan magana, ɗakin gwaji ya kusa zama tarihi. To idan haka ne, me ya sa har gobe masu bincike ke ɗaukar 'yan kwalabe cikin ƙanƙara zuwa Hamburg a Jamus ko Grenoble a Faransa, su haska musu eksire, su dawo da lamba guda ta nauyi wadda su da kansu suke cewa tana iya kaucewa da kashi 10 cikin 100? Abin ya ƙara ɗaure kai idan aka san cewa nauyin sarƙar furotin ɗalibi ma yana iya lissafa shi a minti ɗaya, muddin an ba shi jerin amino asid ɗin da ke cikinta.

Amsar ita ce ba nauyin ne abin nema ba. Ƙirga ake yi: guda nawa ne suka haɗu suka zama jiki ɗaya a cikin ruwa?

## Nauyin me ake nufi?

Molekul dunƙule ne na ƙwayoyin zarra da suka ɗaure da juna, kuma ana auna nauyinsa da ma'aunin da ake kira dalton. Dalton ɗaya shi ne kashi ɗaya cikin 12 na nauyin ƙwayar zarrar kabon-12. Molekul ɗin ruwa dalton 18 ne. Furotin kuwa sarƙa ce ta amino asid, kowane ɗaya a matsakaici yana kai dalton 110, don haka sarƙa mai amino asid 300 za ta kama wajen dalton 33,000, wato kilodalton 33. Laisozayim, furotin ɗin da ke cikin hawaye da farin ƙwai, na ƙwan kaza yana da amino asid 129 da nauyin kilodalton 14.3.

Sai dai furotin da yawa ba sa aiki su kaɗai. Himogulobin da ke ɗaukar iskar oksijin a jini sarƙa huɗu ce a haɗe, nauyinsu gaba ɗaya wajen kilodalton 64.5. Insulin guda ɗaya kilodalton 5.8 ne, amma a ajiye yakan dunƙule shida-shida a kewayen sinadarin zink. Jerin amino asid zai gaya maka nauyin sarƙa ɗaya, ba zai gaya maka ko ita kaɗai take yawo ba, ko bibbiyu, ko hurhuɗu, balle ya gaya maka cewa adadin yana sauyawa idan an ƙara gishiri ko an rage kauri. Zanen kwamfuta ma, komai kyansa, ba ya leƙa cikin kwalbar da ke hannunka.

## Abin da ke faruwa a wurin gwajin

Dabarar da ake kira SAXS a taƙaice, ma'anarta warwatsuwar hasken eksire a ƙaramar kusurwa. Ana zuba ɗan ruwan furotin, abin da bai kai ɗigo guda ba sau da yawa, cikin siririn bututu. Ana harba masa tsinken hasken eksire mai tsawon zango wajen nanomita 0.1 (nanomita ɗaya kashi ɗaya ne cikin biliyan na mita). Mafi yawan hasken wucewa yake yi kai tsaye. Ɗan kaɗan ne yake karo da ilektiron ɗin da ke jikin molekul ya karkace, ya faɗa kan allon kama haske da aka ajiye mita ɗaya ko fiye a baya.

Ƙa'idar a juye take: ƙananan abubuwa suna watsa haske zuwa manyan kusurwoyi, manya kuma suna tara shi kusa da tsakiya. Furotin ya fi zangon hasken girma sau goma ko ɗari, shi ya sa labarinsa yake maƙale a 'yan digiri kaɗan daga tsakiyar hasken. Masana ba sa rubuta kusurwar kai tsaye, suna amfani da wata lamba, q, wadda ta haɗa kusurwar da tsawon zangon hasken. Ƙaramin q yana nufin kusa da tsakiya. Da yake molekul ɗin suna juyawa ta ko'ina a cikin ruwa, hoton da ke fitowa zobe-zobe ne mai laushi, sai a tattara shi ya zama layi ɗaya: ƙarfin haske a tsaye, q a kwance. Duk hayaniyar da za a yi daga baya a kan wannan layin za a yi ta.

Akwai wani abu da ya kamata mai karatu ya riƙe tun daga nan. Hasken ba furotin yake gani ba, bambanci yake gani tsakanin furotin da ruwan da ke kewaye da shi. Ruwa yana da ilektiron 334 a kowane kubik nanomita, furotin yana da wajen 430. Ratar ba ta da yawa. Saboda haka sau biyu ake gwaji: sau ɗaya da furotin a ciki, sau ɗaya da ruwan bafa zalla, wato ruwan gishirin da aka narkar da shi a ciki, sannan a debe na biyu daga na farko. Laisozayim mai kaurin miligiram 1 a mililita yana watsa hasken da bai ma kai wanda ruwan kansa yake watsawa ba. Kamar mutum ne zai auna tsuntsu ta hanyar auna keji da tsuntsun, ya sake auna kejin babu shi, alhali kejin ya fi tsuntsun nauyi. In kejin na biyu ba na farkon ba ne sak, awon ya ɓaci. Wannan ne ya sa ake dagewa a ɗauki ruwan bafa daga wanda furotin ɗin ya kwana a ciki, ba a haɗa sabo a ce ai sinadaran ɗaya ne ba.

## Maƙurar da ake nema ba a ganinta

Asirin awon yana kusurwar sifili, inda ƙarfin hasken ake rubuta shi I(0). A wannan wurin duk igiyoyin hasken da suka taso daga sassan molekul ɗin suna isowa tare, tudu kan tudu, kwari kan kwari, babu wadda ta soke wata. Sai su taru su zama jimillar rarar ilektiron ɗin da molekul ɗin yake da ita a kan ruwan da ya ture. Ƙarfin hasken da allo ke gani kuwa murabba'in wannan jimilla ne, wato an ninka ta da kanta. Molekul mai ninki biyu na nauyi zai ba da haske ninki huɗu.

Amma a miligiram ɗaya na furotin, idan kowane molekul ya ninka nauyi, yawansu ya ragu da rabi. Ninki huɗu sau rabi ya ba da ninki biyu. A nan ne ƙa'idar ta fito: idan aka raba I(0) da kaurin furotin, abin da ya fito yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da nauyin molekul. Abin burgewa shi ne siffa ba ta shigo lissafin ba. Ko molekul ɗin dunƙulalle ne kamar ƙwallo, ko dogo kamar sanda, ko a warware kamar zare, I(0) bai damu ba.

Matsalar ita ce kusurwar sifili nan ne ainihin tsinken hasken yake bi, kuma ƙarfinsa zai lalata allon, don haka ake sa wani ɗan toshi ya tare shi. Wurin da ake bukata shi ne aka rufe. Bafaranshen masanin fiziks André Guinier ne ya kawo mafita a ƙarshen shekarun 1930. Ya nuna cewa kusa da tsakiya, idan aka zana logaridim ɗin ƙarfin haske a kan murabba'in q, miƙaƙƙen layi ake samu. Gangaren layin yana ba da girman molekul ɗin, wanda ake rubutawa Rg, wato matsakaicin nisan sassansa daga cibiyarsa. Idan kuma aka ja layin baya har ya taɓa sifili, an samu I(0) ba tare da an gan shi ba.

Miƙewar layin tana da iyaka. Ga dunƙulallen furotin, tana aiki ne har zuwa inda q sau Rg ya kai wajen 1.3. Ga dogo ko warwararre iyakar ta fi haka kusa. Da girman molekul, da ƙarancin ɗigon bayanan da za a ɗora layin a kansu. A nan hannun mutum yake shigowa, domin wani ne zai zaɓi daga wane ɗigo zuwa wane ɗigo za a ja layin, kuma mai son ya ga abin da yake so yana iya zubar da 'yan ɗigon farko da suka ƙi bin layi. Sau da yawa waɗannan ɗigon da aka zubar su ne suke faɗin gaskiya.

## Hanyar da ke bukatar sanin kauri

An samu I(0), amma lamba ce a ma'aunin na'urar, ba dalton ba. Hanya mafi daɗewa ita ce a kwatanta da furotin ɗin da aka san nauyinsa. Aka fi amfani da albumin na jinin shanu, mai kilodalton wajen 66, ko laisozayim, ko gulukos aisomares mai kilodalton wajen 173. A auna shi rana ɗaya, a na'ura ɗaya. Idan I(0) bisa kauri na furotin ɗinka ya ninka na albumin, nauyinsa yana wajen 132. Lissafin aji uku ne. Illarsa ita ce ma'aunin kansa ba tsarkakakke ba ne koyaushe: albumin ya shahara da ɗaukar 'yan biyu a cikinsa, kuma duk kuskuren da aka yi wajen sanin kaurinsa zai bi ka har gida.

Hanya ta biyu ta kauce wa wannan ta hanyar amfani da abin da ba ya sauyawa. Ruwa zalla a digiri 20 yana watsa eksire da ƙarfi sananne, 0.01632 a kowace santimita. Rukunin Otto Glatter a Graz ta ƙasar Ostiriya ne suka daidaita amfani da shi a matsayin ma'auni a shekarar 2000. Wasu kuma suna amfani da wani irin kabon mai kama da gilashi, wanda hukumar ma'aunai ta Amurka, NIST, take fitarwa da lamba SRM 3600. Da an ɗora bayanan a kan wannan sikeli na dindindin, ana iya fitar da nauyi kai tsaye.

Sai dai dole a san wurin da giram ɗaya na furotin ɗin yake cinyewa a cikin ruwa, domin da shi ake lissafa yawan ruwan da ya ture. A matsakaici kubik santimita 0.73 zuwa 0.74 ne. Efstratios Mylonas da Dmitri Svergun, a binciken da suka wallafa a 2007, sun ba da shawarar 0.7425, suka kuma nuna cewa da shi ana samun nauyi cikin tazarar kashi 10 cikin 100. Abin da ba kowa ke lura da shi ba shi ne saurin fushin wannan lamba. Rarar ilektiron ɗin ragowa ce bayan an debe babbar lamba daga wata babbar lamba, sannan kuma aka ninka ta da kanta. Kuskuren kashi 1 cikin 100 a wannan wuri yana zama kashi 6 zuwa 7 a nauyin ƙarshe.

Sannan ga kaurin kansa. Yawanci da hasken ultrabayolet mai zango nanomita 280 ake auna shi, wanda amino asid biyu, tiriftofan da tairosin, suka fi sha. Furotin ɗin da ba shi da tiriftofan yana ba da wahala. Idan akwai ɓurɓushin DNA a ciki, ko wani sinadarin bafa mai shan wannan hasken, kaurin zai fito fiye da gaskiya, nauyin kuma ya fito ƙasa da gaskiya daidai gwargwado. A ganina, mafi yawan lambobin nauyi marasa kan gado da ake ɗora wa na'urar miliyoyin kuɗi, a teburin auna kauri aka haife su.

## Hanyar da ba ta tambayar kauri

Wani ɗan Graz ɗin, Günther Porod, ya nuna tun farkon shekarun 1950 cewa idan aka tattara dukan hasken da ke ƙarƙashin layin ta wata hanya ta musamman, aka raba I(0) da jimillar, girman jikin molekul ɗin ne yake fitowa. Da yake kauri yana sama kuma yana ƙasa a rabawar, sai ya soke kansa. Ma'aunin na'urar ma haka. Daga girman jiki zuwa nauyi kuwa taki ɗaya ne: ƙa'idar aiki ita ce a raba girman, a kubik nanomita, da 1.6 zuwa 1.7, a samu kilodalton. Busasshen furotin da 1.2 za a raba shi. Ƙarin ya zo ne daga rigar ruwan da ke manne da jikinsa, da kuma cewa babu na'urar da ke auna layin har ƙarshensa.

Wannan yankewar layin ita ce ciwon kan hanyar Porod. Wani rukuni a São Carlos ta ƙasar Barazil ya fitar da manhajar SAXSMoW a 2010, wadda ke gyara girman gwargwadon inda aka tsaya. A 2013 Robert Rambo da John Tainer suka wallafa wata hanyar a mujallar Nature, mai amfani da wata jimillar daban da ake rubutawa Vc, wadda ba ta saurin rikicewa idan furotin ɗin yana da sassa masu lilo, kuma tana da nata lambobin na RNA daban da na furotin. A 2018 rukunin Svergun a cibiyar EMBL ta Hamburg ya haɗa hanyoyi huɗu irin waɗannan da lissafin yiwuwa na Bayes, wanda maimakon lamba guda yake ba da lambar da ta fi yiwuwa tare da tazarar da nauyin zai iya faɗawa ciki. Yana cikin manhajar ATSAS, kuma manhajar BioXTAS RAW ma tana fitar da da yawa daga cikin waɗannan ƙiyasi.

Me ya sa aka yi ta wannan fafutuka a 'yan shekarun nan? Saboda yadda ake gwajin ya sauya. Yanzu a manyan cibiyoyi, irin su tashoshin gwaji na P12 a Hamburg da BM29 a Grenoble da B21 a Ingila, an saba haɗa bututun tace furotin kai tsaye da hasken. Manyan dunƙule su fara fitowa, ƙanana su biyo baya, ana ɗaukar hoto kowace daƙiƙa. Samfurin yana isa gaban haske a tace, amma kaurinsa yana hawa yana sauka yayin da yake wucewa, kuma daidaita shi da kowane hoto aiki ne. Hanyar da ba ta tambayar kauri sai ta zama abin so.

Kyautar ba ta zo a banza ba. Abin da aka samu ta wajen kauri an biya shi ta wajen siffa. Hanyar Porod ta ɗauka cewa molekul ɗin dunƙulalle ne mai iyaka a fili, cikinsa iri ɗaya. Furotin ɗin da ba ya naɗewa, mai yawo kamar zare, babu iyakar da za a zana masa, kuma girman da zai fito yakan wuce gaskiya. Lambobin gyaran kuma daga furotin na gama-gari aka koyo su. Wanda yake lulluɓe da sukari, ko na fatar ƙwayar halitta da aka ciro cikin rigar sabulu, ko wanda ya rungume DNA, cunkoson ilektiron ɗinsa daban ne. Manhajar ba za ta yi gardama ba. Za ta ba da lamba, har da ɗigo biyu bayan aya.

## Wake ɗaya

Duk abin da aka faɗa a sama ya ɗauka cewa molekul ɗin cikin kwalbar iri ɗaya ne. Idan ba haka ba, matsakaici ake samu, kuma matsakaici ne mai son manya. Ga lissafi: a ce kashi 99 cikin 100 na nauyin furotin ɗin ɗai-ɗai suke, kashi 1 kacal ya cure ya zama dunƙule mai guda 50. Matsakaicin zai zama 0.99 a tara da 0.5, wato 1.49. Kashi ɗaya tak ya ɗaga nauyin da kusan rabi. Wake ɗaya ke ɓata gari, kuma a nan lissafi ne ya tabbatar. A zanen Guinier alamar ita ce 'yan ɗigon farko su ɗaga kai sama su bar layi.

Akwai kishiyar wannan. Molekul masu cajin lantarki iri ɗaya, a ruwa mai ƙarancin gishiri, suna ture juna, su jeru da tazara, abin da ke danne hasken kusa da tsakiya. Ɗigon farko sai su sunkuya ƙasa, nauyin ya fito da ƙaranci. Maganinsa shi ne a auna a kauri uku ko huɗu, a ga ko I(0) bisa kauri yana tsaye ko yana tafiya. Shi kansa hasken yana iya yin ɓarna, domin eksire mai ƙarfi yana farfasa ruwa ya saki sinadaran da ke sa furotin curewa ana tsakar awo. Shi ya sa ake sa samfurin ya riƙa gudana, ake ɗaukar gajerun hotuna da yawa ana kwatanta na farko da na ƙarshe, wani lokaci a zuba ɗan gilisarol.

Mu ɗauki furotin mai sarƙar kilodalton 40. In awo ya ba da 42, shi kaɗai ne. In ya ba da 77, bibbiyu ne, kuma babu mai hankalin da zai tsaya jayayya a kan ukun da suka ɓace. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima. To in ya ba da 58 fa? Yana iya zama cakuɗar ɗai-ɗai da bibbiyu kusan rabi da rabi. Yana iya zama ɗai-ɗai ne da ɗan curarre a ciki. Yana iya zama bibbiyu ne aka yi kuskuren kauri, ko suna ture juna. Lamba ɗaya, labari huɗu, kuma lambar ba za ta zaɓa maka ba. Haka nan tazarar kashi 10 da ta isa raba ɗaya da biyu, da ƙyar take raba biyar da shida, ba ta kuma raba goma sha ɗaya da goma sha biyu ko kaɗan.

## Niyutiron a taƙaice

Ana yin irin wannan gwaji da niyutiron, a kira shi SANS, a wurare kamar cibiyar ILL ta Grenoble. Niyutiron cibiyar zarra yake gani, ba ilektiron ba, kuma yana bambanta haidirojin da ɗan'uwansa mai nauyi, diyuteriyom, bambanci mai girma. Idan aka cakuɗa ruwa da ruwa mai nauyi, wato mai diyuteriyom, har mai nauyin ya kai wajen kashi 40 zuwa 42 cikin 100, furotin yana ɓacewa daga gani, DNA kuwa sai an kai wajen kashi 65 zuwa 70. Ta haka ake iya auna ɓangare ɗaya na haɗaɗɗen abu a bar ɗayan. Bernard Jacrot da Giuseppe Zaccai sun nuna a 1981 cewa a ruwa na yau da kullum, awon nauyi da niyutiron bai cika damuwa da lambar nan mai saurin fushi, ta wurin da giram ɗaya na furotin yake cinyewa, ba. Cibiyoyin ne ba su da yawa, kuma gwajin ya fi cin lokaci da samfuri.

## Wa ya fi gaskiya?

Masu riƙo da I(0) bisa kauri suna cewa tasu ce kaɗai ta tsaya a kan fiziks zalla, ba ta ɗauki alkawarin siffa ba. Masu ɗaya ɓangaren suna cewa fiziks ɗin ya yi kyau a takarda, amma kaurin da aka ɗora shi a kai sau da yawa ƙiyasi ne. Akwai na uku da ke cewa in ƙirga ake so, a koma wa kayan da aka ƙera domin ita: warwatsuwar hasken leza a bayan bututun tacewa, ko injin juyi mai tsananin gudu irin wanda Theodor Svedberg na ƙasar Suwidin ya auna himogulobin da shi a shekarun 1920, ko sabuwar dabarar da ke auna molekul ɗai-ɗai yayin da suke sauka kan gilashi.

Ni dai ina ganin tambayar wa ya fi ba ta da amfani sosai, domin hanyoyin biyu ba a wuri ɗaya suke tuntuɓe ba. Kuskuren kauri yana kayar da ta farko, bai taɓa ta biyu ba. Warwararriyar siffa tana kayar da ta biyu, ba ruwanta da ta farko. Idan suka yi daidai da juna, kuma suka faɗa kusa da ninkin nauyin sarƙa, shaida ce mai ƙarfi. Idan suka saɓa, saɓanin ne yake nuna inda za a duba. Curewa kuwa tana iya ruɗin su biyun tare, shi ya sa awo na uku daga wata dabarar daban yake da daraja. Ƙa'idojin wallafa irin wannan bincike da aka fitar a 2017 ƙarƙashin ƙungiyar masana kiristal ta duniya, wanda Jill Trewhella ta jagoranci rubutawa, sun nemi a rubuta nauyin da aka auna kusa da wanda aka lissafa daga sarƙa, a kuma ajiye bayanan a rumbu irin SASBDB inda kowa zai iya sake lissafi. Dalilin a fili yake: daga layin nan guda ake gina zanen siffar molekul mai ban sha'awa, kuma manhaja za ta zana siffa ko da samfurin cakuɗa ne. Nauyi ne ƙofar da ake tsayar da irin wannan zanen.

## Ina ya shafi wanda ba ya shiga ɗakin gwaji?

Ba gwajin asibiti ba ne, babu likitan da zai tura majinyaci a yi masa. Amma tambayar da yake amsawa tana cikin magungunan da mutane ke amfani da su. Insulin da aka yi wa mutum allura a dunƙulen shida sai ya warware ya koma ɗai-ɗai kafin ya shiga jini sosai, abin da ya sa na da yake bukatar a yi shi da ɗan tazara kafin cin abinci. Insulin lispro, wanda aka amince da shi a 1996, an musanya wuraren amino asid biyu ne a sarƙarsa ta B, na 28 da na 29, don dunƙulen ya riƙa saurin rabuwa. Nauyin sarƙar bai sauya ko da dalton ɗaya ba. Ƙirgar ce ta sauya, da ita kuma saurin aikin maganin.

Magungunan da aka yi da furotin na garkuwar jiki, masu kilodalton wajen 150, ana haɗa wasunsu da kaurin da ya haura miligiram 100 a mililita don su shiga ƙaramin sirinji. A wannan cunkoso suna iya manne wa juna, ruwan ya yi danƙo, ko su cure, curarren furotin kuma yana iya tayar da garkuwar jikin majinyaci. Irin karkacewar nan ta ɗigon farko da mai neman nauyi yake ɗauka a matsayin cikas, ita ce mai haɗa magani yake karantawa don ya san ko molekul ɗinsa suna jan juna ko suna turewa, kuma wane gishiri ko sukari zai gyara.

Ciwon sikila ma a gindinsa maganar haɗuwa ce. Amino asid ɗaya ne ya sauya a wuri na 6 na sarƙar beta ta himogulobin, balin ya maye gurbin gulutamik asid. Bambancin nauyin dalton 30 ne a kowace sarƙa, abin da hasken eksire ba zai taɓa gani ba cikin 64,500. Amma da zarar oksijin ya sauka, molekul ɗin suna kama juna su jeru su zama dogayen zarurruka masu tauri da ke lanƙwasa jan ƙwayar jini. Wannan jeruwar kuwa tana bayyana ƙarara kusa da tsakiyar allo, a daidai wurin da ɗigon farko suke barin layi.